Ranar da Aka Raɗa Suna a Tsaye

Ba zan taɓa mantawa da ranar sunan 'yata ta fari ba, ko na so in manta ma mutanen unguwarmu ta Mount Hope ba za su bar ni ba. Har yau in na shiga masallaci sai wani ya gyara min wuri ya ce, "Injiniya, bismillah, ko tsayuwar za ka yi?" Ni kuwa direban tasi ne.

Abin ya faro ne daga boila, wato tukunyar nan ta ƙarƙashin gida mai ɗumama ɗakuna da ruwan famfo. Wadda muka tarar a tsohon gidan da muka saya a Bronx ta girme ni. Kullum tana tari tana ƙwanƙwasa bututu, sai ranar nan a tsakiyar sanyi ta yi shiru gaba ɗaya. Lokacin matata Bilkisu tana da tsohon ciki, mahaifiyarta Hajiya kuma tana shirin tasowa daga Kano don wankan jego. Ga kuma Kawu Garba, wan Hajiya, mazaunin Philadelphia, wanda da ƙyar ya ba ni auren Bilkisu. A gabana ya taɓa cewa, "Yaron kirki ne, amma akwai rawar kai." Maganar nan ta tsaya min a rai. Na ƙudura cewa a wannan haihuwar sai Kawu ya ga natsattsen magidanci.

Daga nan na rasa sukuni. In na sauke fasinja sai in faka a gefen titin Grand Concourse in duƙufa kan waya ina karanta labarin boila: mai tanki, marar tanki, ta ƙasa, ta bango. Da safe in yanke shawara, kafin la'asar na warware ta. Maƙwabcina Baba Issaka, mutumin Kumasi, ya ce, "Charle, aboki, sayi wanda shi na da tanki. Ruwa shi zamna shi jira ka." Mamane, telana na titin 116 mai surka Hausa da Faransanci, ya ajiye almakashi ya ce, "Habawa, ɗauki ta bango, ta zamani. Ba ta shan gaz, voilà." Duk wanda na ji daga ƙarshe shi ke da gaskiya a wurina.

Bilkisu ce ta raba gardama. Tana ƙudundune gaban 'yar hitar lantarki ta ce, "Malam, don girman Allah ka zaɓi ɗaya, kafin in haihu cikin bargo."

Na zaɓi ta bango (gaskiya maɓallanta da lambar da ke haske a jikinta ne suka ja ni). Mai aikin famfo ya kafa ta, ya canza bututun da suka yi tsatsa, ya saita zafin ruwan daidai misali, ya yi tafiyarsa. Da a nan na tsaya da ba ku ji wannan labarin ba.

Amma sai na shiga ban-ɗakin baƙi na ƙasa, idona ya faɗa kan tsohuwar butarmu ta roba, na ji ba ta dace da gida mai sabuwar boila ba. Na je na sayo abin tsarkin nan mai feshi, na kalli yadda ake ɗaura shi a waya, na naɗe hannun riga. Sai wata dabara ta zo min. Duk wanda ya taɓa tsarki da ruwan famfon New York a watan sanyi ya san abin da nake nufi. Don haka na haɗa shi da bututun ruwan zafi na ƙarƙashin wurin wanke hannu. Na gwada a tafin hannu, ɗumi-ɗumi, daɗi kamar me. Na ɗauki buta na kai ta ƙarƙashin gida na ɓoye.

Bilkisu ta sauka lafiya, Hajiya ta iso da ƙunshin ganyen wanka da kanwar kunu. Ni dai kun san tsakanin mutum da surukarsa, in ta shigo falo na fita, in za ta yi min magana sai ta bakin 'yarta. Saƙon kuwa kullum ɗaya ne: "Inna ta ce ruwan nan na alwala ne, ba na jego ba." Sai in ji ta tana ɗora tukwane a kicin tana jigilar ruwa zuwa sama. Abin ya yi min ciwo ƙwarai. Duk wahalar zaɓen da na sha, a ce baƙuwata na ɗaukar bokiti a gidana?

Safiyar suna kowane kan murhu da tukunyar abinci, babu inda za a tafasa ruwan mai jego. Sai na ji muryar Hajiya daga bayan labule: "A gaya wa maigidan, in injin nasa ba zai iya ba mu san yadda za mu yi." Na sauka wurin boila a fusace, na danna maɓallin ƙara zafi, na yi ta dannawa har lambar ta ƙi gaba. Ba a jima ba tururi ya cika saman bene, na jiyo Hajiya tana cewa, "Yauwa, Allah Ya yi albarka." Kaina ya fasu. Abin feshin nan na ƙasa ko kusa bai zo min a rai ba.

Maza suka cika falo, liman ya zauna, aka ajiye goro da dabino. Kawu ya iso cikin babbar riga, ya sha shayi, ya ce a nuna masa kewaye kafin a fara. Ni da kaina na raka shi har ƙofa, ina wani ƙanƙan da kai. "Kawu, ba sai da buta ba, mun sa na zamani."

Ya ɗan jima a ciki. Ban ji komai ba sai gyaran murya. Da ya fito na ga gumi a goshinsa, yana takawa a hankali. Na nuna masa kujerar da ta fi kowacce laushi.

"A'a," in ji shi, "zaman mota ya ishe ni. Bari in ɗan tsaya."

To wa zai zauna babba na tsaye? Samari suka miƙe. Baba Issaka ya miƙe. Liman ya duba dama ya duba hagu, shi ma ya tattara rigarsa ya tashi. A tsaye aka raɗa wa 'yata suna, a tsaye aka shafa fatiha, a tsaye aka raba goro. Ni kuwa hankalina ya tashi. Me na yi wa Kawu? Kujerar ce bai so ba, ko gaisuwata ce ba ta cika ba? Na kalle shi, ya kau da kai. Tsabar fargaba cikina ya murɗa, na zame na faɗa ban-ɗakin.

Jama'a, ban san ina da irin wannan muryar ba. An ce har masu wucewa a titi sai da suka waiwayo. Na banko ƙofa na fito ina "Wayyo Allah! Wuta!", hula ta yi nata wuri, riga sharkaf, hannu ɗaya riƙe da zariyar wando. Wadda na fara cin karo da ita Hajiya ce, ta sauko a guje ta zaci gobara ce. Matar da ko abinci ban taɓa ci a gabanta ba! Ta ja mayafi ta rufe fuska, ta ce "Subhanallahi," ta juya. Na so ƙasa ta tsage in shige.

Kawu ya dube ni tun daga sama har ƙasa, ya girgiza kai, ya ce cikin sanyin murya, "Ni na haɗiye nawa na tsaya don in rufa maka asiri. Kai kuma ka shiga ka yi shela."

Baba Issaka ne ya fara fashewa, har yana dafa bango. Liman ya rufe baki da hannun riga, kafaɗunsa na rawa. Ni da Kawu a jere muka ci wainar suna a tsaye. Sai da zai tafi ya dafa kafaɗata ya ce, "Boilar ta yi kyau. Ka mayar da butar."

Kafin motarsa ta sha kwana na mayar da butar. Na koyi cewa mai son a ce masa natsattse, abu na farko shi ne ya bar maɓalli inda ya gan shi. Kawu kuma har yau yana ziyartarmu, ba ya ƙara maganar rawar kai. Butarsa kawai yake zuwa da ita daga Philadelphia.