Nomau da Babban Injin Sassabe

A Tungar Madaci akwai wani mutum ana ce masa Nomau, wanda duk yadda aka faɗa masa magana haka yake ɗaukarta, ba ragi ba ƙari. Gida ɗaya suke da yayansa Sallau, wanda ya riƙe shi tun rasuwar iyayensu. Matar Nomau kuwa, Tabawa, ba ta taɓa yi masa dariya a gaban mutane ba. Suna da gonar gado a bakin rafi, sabara da geza sun cinye ta, har mai gari ya ce in damina ta faɗi ba a share ta ba, zai ba wani aro. Ga Sallau ciwon baya ya hana shi riƙe adda. Sai ya sayar da shanun huɗarsa, ya sayo 'yar ƙaramar tarakta ta hannu. Saura injin sassabe, wanda ake ɗaura mata a baya, wuƙaƙensa na juyawa suna sare daji.

Wata rana Sallau ya dafa taraktar ya ce, "Kada ka raina ta, Nomau, akwai ƙarfin doki ashirin da biyar a cikinta." Tausayin dawakin ya kama Nomau. Ya je ya ɗebo harawa, ya jiƙa dusa, ya ajiye a gabanta. Da la'asar ya zo wurin yayansa idonsa ya yi ja. "Yaya, dawakin nan ba su ci komai ba. Na kara kunne, ko haniniya babu." Tabawa ta ce, "Malam, baƙunta ce, ba su saba da mu ba." Ta lallaba ta kwashe harawar da dusar ta zuba wa awaki.

Wata rana kuma Sallau yana kwance ya ce, "Je ka kawo mini faɗin taraktar, daga taya zuwa taya." Nomau ya je ya ware hannuwa ya auna, ya taho da su haka a ware. Liman ya miƙo masa hannu a hanya, Nomau ya ce, "A gafarce ni, Malam, ina ɗauke da kaya." Da ya iso zaure ƙofa ta ƙi shi, sai da ya shiga a karkace. Yana dab da ɗakin Sallau ƙuda ya sauka masa a hanci, ya kai hannu ya kore shi. "Wayyo, Yaya, ya zube!" Sallau ya yi dariya har bayansa ya amsa.

Wata rana hadari ya fara haɗuwa a gabas. Sallau ya taɓa ganin wani ƙaton inji a wurin mai sayar da tsofaffin injuna a birni, ransa ya biya, don yana so a gama aikin da wuri. Ya gama magana da mai kayan ta waya, ya sa Nomau a motar kasuwa. "Guda uku ne a jere. Babban za ka ɗauko."

Nomau ya isa, ya gaida mai kaya, ya duba injunan. "Alhaji, wanne ne babbansu?"

Aka nuna masa ƙaton.

"A'a, ba jiki ba. Wanne ya riga saura zuwa duniya?"

Mai kaya ya dube shi, ya nuna wani ɗan tsut a gefe, fenti duk ya goge. Shi Nomau ya ɗauko.

Da Sallau ya gani bai yi faɗa ba, ya dai juya fuska bango. Wannan ya fi duka yi wa Nomau zafi, ko tuwo bai ci ba.

Ƙaton kuwa maƙwabcinsu Barau ya saye shi, mai tarakta irin tasu. Ranar da ya ɗaura, nauyi ya rinjayi bayanta, tayoyin gaba suka bar ƙasa. Da ƙyar aka danne ta, tana shiga daji ta shaƙe, ta yi baƙin hayaƙi ta mutu. Ɗan tsohon na su Nomau ko ya zauna daram a bayan tasu, faɗinsa daidai sawun taya, yana cin sabara ba ko tari. Kafin ruwan fari gona ta fito fes.

Sallau ya sauko daga kan taraktar a hankali yana dafe da ƙugu, ya riƙe kafaɗar ƙanensa ya daɗe bai saki ba. "Ka iya zaɓe, Nomau."

"Ai kai ka ce babban, Yaya."

Nomau ya zagaya bayan taraktar, ya cire takalmi, ya durƙusa gaban injin. "Sannu da aiki, Baba."