Atamfar da Ba Ta Fedin

"...da hanya? Ya yaran makaranta? Mai gidana, gaisuwa nika yi, ko bakinka ya faɗi a hanyar Kaura?"

Kulu ce ke magana, tsohuwa tukuf, tana zaune kan tabarma a tsakar gidansu na Banga tana ɓare gyaɗa. Wanda ya shigo jikanta ne Muhtari, malamin Turanci a wata firamare a Kaura Namoda. Shekarar da aka ƙaddamar da Shari'a ce, bikin ƙanwarsa Rahina ya matso, tsohuwar ta aike shi ya sayo mata atamfa.

"Bakin yana nan, tsohuwa. Na ga naki ya ishe mu mu biyu. Ga saƙonki. Mai shago ya rantse ba ta fedin."

"Ba ta mi?"

"Fedin."

"Wa ke nan Fedin? Ɗan Shinkafi na?"

Muhtari ya zauna bakin tabarma yana dariya. "Turanci ne. Abu ya riƙa raguwa sannu a hankali har ka neme shi ka rasa. Zane ya sha wanki ya koɗe, ya yi fedin. Batirin rediyo ya yi sanyi murya ta dushe, ta yi fedin. Amma in ƙwarya ta faɗi ta fashe nan take, wannan ba shi ba ne."

Kulu ta ce, "To jirgin ƙasa na Kaura hwa? Da ina saida hura a tasha, kullum sai ya zo. Sannan ya koma sai an daɗe. Yanzu awaki ka kwana kan dogo."

"Shi ne fa! Kin riga 'yan ajina ganewa."

"Ashe haka gashin kanka ya yi. Tun bara nika jin labarin sanƙonga."

"Haƙoranki fa?"

"Su ba fedin sunka yi ba, ɗan nema! Rake ya kwashe min su rana guda. Kai, da ka gan ni ina budurwa. Direban jirgi sai da ya taka birki don ya kalle ni."

"Tsoro ya ji. Ya ɗauka aljanar tasha ce."

"Allah ya isa! Miƙo min kayana."

Ta warware atamfar, ta shafa ta, ta kai ta har bakin hancinta. Sai ta ture ta gefe.

"Ka gani? Shuɗiya na ce maka. Ka kwaso min baƙa ƙirin, sai ka ce zaman makoki za ni."

Muhtari ya buɗe baki zai rama, sai ya sake duban kayan. Atamfar shuɗiya ce fes, da fararen furanni manya-manya. Ya dubi kwanon da ke gabanta, ya ga ƙwayar gyaɗa da ɓawo duk a haɗe. Ya matso ya dubi idanunta da kyau. Wata farar yana ta kwanta a kansu.

"Kaka," in ji shi. Rabon da ya kira ta haka har ya manta. "Tun yaushe?"

"Tun yaushe mi?"

"Atamfar nan shuɗiya ce."

Ta daɗe tana murza ɓawon gyaɗa a hannu. "An kwan biyu. Da farko kamar hayaƙin murhu. Kullum sai ya ƙaru kaɗan. Yanzu da murya nika gane mutane." Ta yi ɗan murmushi. "Su ma fedin ɗin nan naka sunka yi. Kada ka gaya ma uwarka, kuka za ta yi min."

"Wannan ana gyara shi. A Gusau ana cire yanar, mutum ya dawo yana saka zare a allura."

"Wuƙa a idona? Ban zuwa. Kuma an hana mata hawan babur, kowa ya ji a rediyo."

"'Yan kabu-kabu aka hana. Ke kuwa matata ce, ko gaban alƙali sai in faɗa. Tasha kawai zan kai ki a kan babur ɗina, mu shiga mota."

"Matarka? Da wane sadaki?"

"To zauna. Ran biki Rahina ta ci ado ta zo ta durƙusa gabanki, ki rungume Gwaggo Azumi kina sa mata albarka."

"Azumi? Wannan mai wuya kamar na zalɓe?"

"Ita fa. Har ki ce amarya ta yi kyau."

Kulu ta rufe baki da gefen mayafi, kafaɗunta suna rawa. Da dariyar ta lafa, ta share ido ta ce, "To in an buɗe idon na ga muninka sosai, na ce ka sake ni hwa?"

"Sai in yi haƙuri. Da ma auren dangi ne, babu inda za ki."

Ta kwance bakin zanenta, ta laluba ta ciro goro ɗaya, ta raba shi biyu, ta miƙo masa babban ɓarin. Hannun ya nufi gefe. Muhtari ya kamo shi a hankali ya karɓa.

"Ran Laraba," in ji ta. "Ka zo da sassafe. Kuma ka sa hula, kada likita ya ɗauka kai ne kakan."