Rasuwar Dattijo, Faifan Ajiyar Mai Hoto

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da jiki a sanyaye, Mai Hoto na shagon da ke jikin kantin magani yake sanar da 'yan'uwa da abokan arziki, da duk wanda ya taɓa zama a kujerarsa aka ce masa ya ɗan ɗaga haɓa, rasuwar Dattijo, faifan ajiyar da ke cikin kwamfutar shagon, wanda masu gyara ke kira had-dis. Ya cika ranar Talata da hantsi bayan jinyar mako biyar, yana da shekara goma sha huɗu a bakin aiki.

Marigayin mai riƙon amana ne. Duk hoton da aka ɗauka a shagon nan a wurinsa yake kwana: na fasfo, na gama makaranta, na jarirai masu kuka, har da waɗanda masu su suka ce a goge domin hancinsu ya fito da girma. Bai taɓa tona asirin kowa ba. Da safe idan aka kunna shi, sai ya yi ɗan gyaran murya, "kirrr," ya kama aiki, ba a sake jin bakinsa sai an tashi.

Ciwon ya fara ne da nawa. Hoton da a da yake buɗewa kafin a ɗauke yatsa ya koma sai Mai Hoto ya haɗa shayi ya shanye. Kibiyar linzamin kwamfuta ta riƙa tsalle a allo kamar mai ɗingishi. Aka kira Injiniya, maƙwabcinsa mai gyaran kwamfuta, ya zo da jakarsa, ya shiga wasu shafuka da Mai Hoto bai taɓa sanin akwai su ba, sannan ya girgiza kai.

Bayanin da ya yi shi ne, hanya biyu ce faifai ke miƙa abin da ke cikinsa. A ta sauri, wadda allon ya rubuta DMA, kai tsaye yake juye kaya ba ya jiran kowa. A ta sannu, wato PIO, sai ƙwaƙwalwar kwamfuta ta bar duk abin da take yi ta riƙa karɓa cokali-cokali. Tsakaninsu akwai wata 'yar manhaja da ake kira direba, ita ke kai saƙo ta kawo, kuma ita ke ƙirga tuntuɓen faifai. Dattijo ya yi tuntuɓe sau da yawa, direba ta daina yarda da shi, ta mayar da shi hanyar sannu ba tare da ta shawarci kowa ba.

Iyalan marigayin na shaida cewa ba a yi sakaci da jinya ba. Injiniya ya cire direba, ya kashe kwamfuta ya kunna, ta ɗora sabuwa da kanta. Dattijo ya miƙe da gudu kamar saurayi, har Mai Hoto ya leƙa kantin magani yana ba da albishir. Kwana biyu, ya sake zubewa. Aka sauya faffaɗar wayar da ke haɗa shi da uwar allo, wato babban allon da kayan cikin kwamfuta ke manne da shi. Aka sauya masa mazauni, aka raba shi da na'urar faifan sidi da suke waya ɗaya, ko ita ke ja masa. Aka goge ƙirgen tuntuɓen har sau uku. Kowane karo sai ya tashi ya yi yini guda, da yamma a duba allo a tarar da haruffan nan uku, PIO, sun dawo sun zauna. Mai Hoto dai yana tsaye a baya riƙe da tocila, yana haska inda aka ce ya haska. Iyakar abin da ya iya ke nan.

A mako na biyar marigayin ya fara wani sauti da ba a san shi da shi ba: "tak, tak, tak." Injiniya ya ajiye sukudireba, ya ce direba ba ta yi ƙarya ba, ciwon a jikin faifan yake, a kwashe abin da za a iya kwashewa tun yana numfashi.

A nan ne Mai Hoto ya yi abin da har yau yake hana shi cin abinci. Cikin ruɗewa ya zaɓi komai gaba ɗaya ya danna kwafa. Kwamfuta kuwa bi da bi take ɗauka bisa sunaye, daga A zuwa Z. Allo ya ce saura awa tara, can ya ce saura kwana biyu, can ya daina faɗa. Sai da aiki ya kai harafin H sannan ya tuna da jakar cikin faifan da ya sa wa suna Tsohuwa, can a harafin T, inda hotunan mahaifiyarsa marigayiya suke, da ɗan bidiyo na minti huɗu tana masa faɗa a kan ya daina ɗaukarta ba ta shirya ba, tana faɗan tana dariya. Ya kai hannu zai tsayar, Injiniya ya riƙe shi, ya ce idan aka tsayar ba lalle ya sake tashi ba. Haka suka zauna su biyu suna kallon koren layi yana rarrafe. Dattijo ya wuce K, ya wuce L da ƙyar. Yana tsakiyar M ya ce "tak" sau ɗaya, ya yi shiru.

Ya rasu ya bar hotuna dubu goma sha ɗaya da ɗoriya da aka tsallakar, na masu sunaye daga A zuwa rabin M. Ya bar kwamfuta mai kunnuwa ta tsaya tana tambayar ina yake, da firinta, da direbar da babu wanda ke riƙe da ita a zuci. Ya bar Mai Hoto. Ya kuma bar Auta, ƙanwar Mai Hoto, ma'aikaciyar jinya a wata ƙasa mai nisa, wadda ba ta samu zuwa ba lokacin da tsohuwa ta rasu, wadda shekara uku ke nan tana roƙon Yaya ya turo mata bidiyon nan, yana ce mata gobe. Sau biyu ya kira ta a makon nan, suka gaisa, ta tambayi yara, ya kasa faɗa mata. Idan wannan sanarwa ta isa hannunta, to ta sani, kuma Yaya yana neman gafararta.

Za a yi bankwana da marigayin ranar Asabar da ƙarfe goma na safe a cikin shagon. Injiniya ne zai kwance kusoshi huɗun da ke riƙe da shi. Za a naɗe shi a leda mai ruwan toka, a kwantar da shi a aljihun tebur na ƙasa, domin Mai Hoto ya ce ba za a kai shi bola ba. An ce akwai masu buɗe irinsa a wani ɗaki marar ƙura, can wani wuri, su ciro abin da ke ciki, sai dai ba wanda ya yi alkawarin komai.

Ana roƙon masu zuwa ta'aziyya, musamman masu sunaye daga rabin M zuwa Z, su taho da hotunan da aka taɓa wanke musu a sake ɗauka. Waɗanda aka ɗauka a ƙofar shago kuma, don Allah su duba gefen hagu da kyau. Akwai benci a wurin, tsohuwa takan zauna a kai da rana. Ko gefen mayafinta ne ya fito, a kawo.