Madanni Ya Rasu, Ya Bar Mayu Huɗu

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kuma wani abu da ya fi baƙin ciki hana zama, ni uwar Kurciya ta ɗakin ƙarshe a saman bene, a madadin maigidana mai gyaran fanka, ina sanar da 'yan haya, maƙwabta da abokan arziki rasuwar Madanni, wanda ke gindin sigarin lantarkin da maigidan ya haɗa da hannunsa. Ya rasu shekaranjiya da rana a bakin ƙofar falonmu, bayan doguwar jinyar da aka yi ta cewa ba komai ba ce.

Masu lura za su ga ban buɗe da kalmar da ake buɗe sanarwar mutuwa da ita ba. Na ajiye ta ne, domin marigayin ƙarfe ne, kuma ina roƙon Allah kada Ya sa in buƙace ta a wannan makon. An sha liƙa takardu a bangon matakalar nan, ta shara, ta ruwa, ta kulle ƙofar waje, babu mai tsayawa. Amma ban taɓa ganin wanda ya wuce sanarwar rasuwa bai karanta ta har ƙasa ba. Don Allah a karanta wannan ma har ƙasa.

An haifi marigayin a kan teburin gugana, tsakanin awartaki da magagari da wani guntun bututun jan ƙarfe. Dalilin haihuwarsa 'yata ce. Ta zo duniya da ƙirji mai kuka, in tana barci sai ka ji kamar tsuntsuwa a cikin rufi, shi ya sa ake ce mata Kurciya. Ubanta kuwa a lokacin mashayin taba ne na gaske. Ma'aikaciyar jinya ta gaya mana ko a waje ya sha, hayaƙin yana biyo riga ya shigo ɗaki ya kwanta a kan jaririya. Ya gwada asuwaki, ya gwada alawa, ya gwada rantsuwa, duk ya koma. Sai ya zauna ya haɗa abin zuƙarsa: bututu, batir a ciki, auduga da ruwa mai ƙamshi a sama, a ƙasa kuma wannan ɗan madanni na tagulla da ya goge har ana ganin fuska a jikinsa. Ya ce na kanti ba su da ƙarko, kuma mutumin da ke ta da matacciyar fanka ba zai kasa haɗa madanni ba.

Ina shaida marigayin ya yi mana alheri. Tun da ya shigo, warin taba ya fita daga labule da matashin kai. Ban ce abin da ya maye gurbinta lafiya ba ne, amma a bakin taga ake zuƙarsa, kuma kukan ƙirjin yarinya ya ragu har na fara barci ba tare da na ɗora tafina a bayanta ba. Na so madannin nan. Ni nake goge shi da gefen zane idan ya yi datti.

Marigayin mai biyayya ne. Bai taɓa ƙin wanda ya danna shi ba, bai taɓa tambayar wane ne ba. Babba da yaro, yatsa da gwiwa, duk ɗaya suke a wurinsa. Ba shi da makulli. Maigidan ya ce zai yi masa wani zobe da za a murɗa ya hana shi dannuwa, kuma zai yi gobe. Goben nan ta daɗe a gidanmu, ta kusa fara biyan haya.

Yana da murya, kuma da ita na fi saninsa. Ƙyat. Ina wanke-wanke in ji ƙyat, in san maigidan yana bakin taga, abin yana hannun mai shi. Ƙyat, sai ɗan tsss na tururi, sai shiru. Uwa da kunne take tsare gida, kuma muddin ina jin wannan ƙyat ɗin a lokacinta, hankalina a kwance yake.

Ciwon ya fara ne daga sifirin, 'yar murɗaɗɗiyar wayar da ke mayar da madanni sama in an sake shi. Sifirin ɗin biro ne aka sa masa tun farko, ya gaji, in an danna sai ya yi nauyin tashi kamar tsoho daga tabarma. Maigidan ya yanke shawarar yi masa aiki. Ya cire sifirin, ya sa masa mayen ƙarfe, wanda wasu ke kira maganaɗisu, ya jera su yadda za su riƙa ture juna, wai gabarsu ce za ta riƙa ɗaga kan madannin. Ranar da aka yi aikin ina yi wa Kurciya wanka, ban ga girmansu ba, ban san yawansu ba. Abin da na sani shi ne marigayin ya fito daga aikin babu murya. Ƙyat ta koma tup, tup ta koma babu. Sai tururi kawai kake gani.

Daga nan zazzaɓi ya biyo. Ka taɓa gindinsa ka ji ɗumi alhali ba a daɗe da ajiye shi ba. Na yi magana, aka ce mini haka jan ƙarfe yake, yana riƙe zafin hannu. Na sake magana, aka ce ni da ban san ja da baƙar waya ba zan koya wa kifi iyo. Aka yi dariya, na taya, domin gidan da aka daina shan taba ba a son a tada masa hankali.

Shekaranjiya maigidan ya fita da sauri, kira ya same shi, ya bar marigayin a kan kujera, marigayin ya gangara bayan kushin ba wanda ya gani. Yara biyu ne a falon. Kurciya, da ɗan maƙwabciyarmu Yaya mai ɗinki, wanda duk benen nan ke kira Ci-duka saboda ba ya ganin abu a ƙasa ya bar shi. Uwarsa ta fita kai kaya, ta bar mini shi kamar yadda muka saba. Suna hawa kujera suna sauka, suna danne shi ba su sani ba, suna ta ƙyalƙyala dariya. Da marigayin yana da murya da na ji shi tun dannawar farko. Hancina ne ya fara ji, warin ƙonanniyar auduga da wani abu kamar roba. Na ɗaga kushin. Maganarsa ta ƙarshe doguwa ce, ba irin wadda na sani ba: tsssssss, ba tsayawa.

Na naɗe hannu da tawul na wurga shi wajen ƙofa. Ya bugi ƙarfen jikin ƙofar, gindinsa ya fashe, bututun ya gangara baranda yana feso hayaƙi mai ɗaci, madannin kuwa ya watse cikin falo. Na ɗauki yaro a kowane kwiɓi na sauka ƙasa. Waɗanda suka ga hayaƙi a ranar suka tambaya, muka ce girki ne ya kama. Ba girki ba ne. Maigidan ya roƙe ni a bar zancen a cikin ɗaki saboda mai gidan haya, kuma na san mai gidan haya zai karanta wannan. Ranka ya daɗe, mu yi wannan maganar daga baya, ina nan ban gudu ba.

Da hayaƙi ya lafa na share falon, na kwashe abin da idona ya gani. Ƙirjin Kurciya ya tashi, don haka na goya ta, a bayana ta wuni. Ci-duka na mayar kan tabarma, tunda a ganina ƙasa ta yi tsaf. Shi kaɗai ya yi ta rarrafe a wurin har uwarsa ta dawo.

Marigayin ya rasu ya bar uba guda, wanda ya haɗa shi, wanda tun ranar ba ya iya haɗa ido da ni. Ya bar bututu da ya yi baƙi, da batir da ya kumbura, muna ajiye da shi cikin gwangwanin yashi a can ƙarshen baranda, kada kowa ya taɓa. Ya bar tsohuwar kishiyarsa taba, wadda na ji ƙamshin ta'aziyyarta a kwalar rigar maigidan jiya, wannan kuma tsakanina da shi ne. Ya kuma bar mayu huɗu.

Ban san huɗu ba ne sai da maigidan ya dawo ya jera gawar a kan faranti, ya tsaya yana kallo, ya tambaye ni ina sauran. Ya nuna mini da farce yadda suke: ƙanana kamar ƙwayar magani, masu sheƙi kamar alawa. Muka durƙusa. Na ja wuƙa da almakashi a kan siminti lungu-lungu, tunda maye ba ya ganin ƙarfe ya ƙyale. Mun sami ɗaya maƙale a ƙafar kujera, ɗaya a ƙarfen ƙofa. Na tace sharar ranar da rariya. Na zazzage tabarma, na farke ɗinkin kushin, na duba takalma. Biyu babu su.

Ban tsaya jayayya ba, na kai Kurciya asibiti aka yi mata hoton ciki. Ya fito fes, alhamdulillahi. Likitar da ta duba hoton ta zaunar da ni ta yi mini bayani, kuma zan faɗe shi yadda na ji. Ta ce mayen ƙarfe ba kamar sauran abin da yara ke haɗiya ba ne. In biyu suka shiga, kowane ya bi hanyarsa a cikin hanji, sai su jiyo juna ta bayan fata su manne, su matse abin da ke tsakaninsu har ya huje. Waɗanda aka sa su gaba da juna a cikin bututu, a cikin ciki sulhu suke yi. Ta ce da farko yaro yana wasa yana dariya, ba a ganin komai, sai amai, sai ƙin abinci, kuma wanda ya jira alamu ya jira da yawa. Ta tambaye ni ko akwai wani yaro a ɗakin. Na ce akwai. Ta ce in kawo shi, kada in kwana.

Na kwana, domin ba ɗana ba ne da zan saɓa a kafaɗa in fita. A daren na ƙwanƙwasa wa Yaya mai ɗinki ƙofa na gaya mata komai. Ranta ya ɓaci, kuma tana da gaskiya. Ta ce na kusa ƙona mata ɗa na ɓoye mata da sunan girki, yanzu kuma na zo ina yi masa fatan ciwo. Kakar yaron ta leƙo ta ce wannan jikan nata ya haɗiye maɓallin riga, ya haɗiye ɗan ƙarfen zif, duk an tsince su a fo washegari, cikinsa ya fi injin niƙa. A ba shi ayaba kawai. Aka rufe ƙofa. Na sake zuwa jiya, keken ɗinki yana ta gudu a ciki, ba a buɗe ba.

Yaya, da ke nake yanzu, a gaban kowa, tunda ƙofa ta hana ni. Maɓallan ɗakinki na roba ne, ba sa neman juna. Waɗannan suna nema. Bangon da ke tsakaninmu ba shi da kauri, ke ma kin sha jin tarin Kurciya ta cikinsa kin kawo mini ruwan zafi. Yau da safe na ji yaron yana amai. Na ji kakarsa tana lallashinsa ya karɓi ko loma ɗaya. Yaron da muka sa wa suna Ci-duka ake roƙo ya ci abinci. Yana iya zama haƙori, yana iya zama sanyi, ina fatan haka ne. Amma in maye ya manta, uwar ɗa ba ta mantawa, kuma yaron nan a hannuna kika bar shi.

Game da jana'iza, ga yadda aka tsara. Gawar tana cikin kwalba mai murfi a saman kabad, inda hannun yaro ba ya kaiwa. Ba za a binne ta ba sai ta cika, kuma saura biyu. Ba a karɓar gaisuwa a falonmu. Duk mai yaro mai rarrafe ya riƙe shi a hannu in zai bi baranda ko matakala, wanda kuma ya ga ɗan abu mai sheƙi maƙale a makullinsa ko ƙarfen takalminsa ya kawo mini, kada ya jefa a shara. Uban marigayin ya ɗauki alkawarin ba za a yi masa ƙane ba. Kayan aikin da aka haife shi da su sun koma shago.

Rakiya za ta tashi yau daga gindin bene zuwa asibiti, da zarar Yaya ta sauko. Maigidan ya bar shago ya kawo mota, tana ƙofa, direba ya kashe inji yana jira. An bar wuri a baya na uwa da ɗa, da na kaka in tana so. Ba sai an yi mini magana a hanya ba. In hoton ya fito fes, ki tsaya a tsakar gidan nan ki zage ni tas a gaban 'yan haya, ni zan riƙe miki jaka.

Allah Ya sa madanni kaɗai za mu binne.

Uwar Kurciya, ɗakin ƙarshe, saman bene. Ina zaune a kan matakala.