Injiniya Kafi-Kowa da Na'urar Auna Hayaƙi

"Garin nan babu titin da ƙafata ba ta sani ba! Ni kwalta in ta ji takuna gaishe ni take yi."

Mai wannan magana shi ne Injiniya Kafi-Kowa na ofishinmu na tsara hanyoyi, kuma a zauren horo ya yi ta, gaban likitoci. Ɗan'uwa, ni da shi ɗakin aikinmu ɗaya, na san kayana. Mutumin da ko shagon bakin ƙofa zai je sai ya tayar da mota! Tumbinsa ma riga shi sallama yake yi.

An haɗa mu ne da ma'aikatan lafiya, don masu zana titi su ga abin da titinsu ke yi wa huhun jama'a. Likitar da ke koyarwa ta raba mana wata 'yar na'ura kamar sabulu, a cikin jaka mai ɗamara rawaya.

"Kowa ya ɗaura ya zaga unguwarsa da ƙafa har mako mai zuwa, ban da mota, don tana gane gudun mota," in ji ta. "Za ta auna hayaƙin da kuka shaƙa, ta kuma zana duk inda kuka taka."

Wannan na ƙarshen gogan bai ji shi ba, yana can yana ba na kusa da shi labarin kansa. Abin da ya shiga kunnensa shi ne zancen Daraktan ofishinmu, cewa wanda ya kawo shaida mafi kyau shi zai shugabanci kwamitin haɗin gwiwa.

"Ranka ya daɗe, a fara goge kujerar!" in ji Kafi-Kowa.

Ranar farko ya kai ƙarshen layinsu ya dawo yana haki, riga sharkaf.

"Baban yara, ruwa aka yi a waje?" in ji matarsa.

Shi kuwa idonsa na kan bunsurunta, ɗan yawon da ke fita da safe sai yamma ta dawo da shi. Ya damƙo shi ya ɗaura masa ɗamarar a wuya, ya yi ƙulli kan ƙulli.

"Me kake rataya wa dabbata?"

"Kimiyya ce, ba fanninki ba ne."

Mako ya cika, ƙulli ya ce bai san zancen kwancewa ba. Ya zaro na'urar daga jakar, ya bar wa bunsuru ɗamara, ya iso zaure yana taku ɗaiɗai.

Da aka haska taswirarsa a bango, Likita ta riƙe baki.

"Ikon Allah! Injiniya, ka fi kowa tafiya. Ga ka kullum da safe a jujin bayan tasha, inda ake ƙona shara."

Gabansa ya faɗi, amma bakin bai faɗi ba. "Ai mai neman shaida ba ya ƙyamar wari."

"Nan kuma katangar makaranta ka haura?"

"Gajeriyar hanya nake nemar wa yara."

"To nan fa? Hayaƙi ya kai ƙarshen ma'auni, kamar ƙarƙashin babbar mota ka kwanta."

"Likita, mai son sanin halin salansa sai ya kusance ta."

Zaure ya ɗauki tafi. Kafi-Kowa ya gyara hula ya juyo ya kalle ni, ni kuwa raina ya ɓaci ƙwarai, don ƙafafuna har sun kumbura da yawon gaskiya.

"Abin da ya fi taɓa ni," in ji Likita, "shi ne babban titi. Kullum ta cikin kwalbati kake tsallaka shi."

"Saboda babu wurin tsallakawar masu ƙafa! Na sa kaina a matsayin talaka."

Darakta ya miƙe. "Wannan ai shi ne horon. Ku tashi mu je ya nuna mana a aikace."

"Ranka ya daɗe, rana ta yi zafi…"

"Ai ciki da inuwa."

Muka isa. Bakin kwalbatin bai fi faɗin tayar mota ba. Gogan ya dube shi, ya dubi Darakta, ya tuna kujera. Ya miƙa mini hularsa ya durƙusa. Kai ya shiga, kafaɗu suka shiga da ƙyar, tumbi ya ce nan ne iyakata. Gaba ta ƙi, baya ta ƙi, sai ƙafafu biyu a waje suna iyo a iska.

"Injiniya, yaya iskar ciki?" in ji Likita.

"Ina… ina aunawa!"

Can sai muka ji "meee!" daga cikin ramin, muryar Injiniya na biye: "Kai, koma! Ba yanzu ba, ɗan banza!"

Da bunsuru ya ga an toshe masa hanyarsa ta kullum, ya ja da baya, ya hau titi, ya ratso tsakanin motoci ana ta yi masa oda. Ya tsaya gabanmu yana tuƙa, ɗamara rawaya a wuya, jakar na'ura na lilo.

Likita ta zauna daɓas a bakin titi, dariya ta hana ta numfashi. Darakta ya daɗe yana kallon dabbar, sannan ya nuna ƙafafun nan biyu.

"Ku kama ku jawo shi. Ya tare wa shugaban kwamiti hanya."