Ranar da Na Hura wa Lawali Kwalba

Da ƙanena Lawali ya dawo daga Yamai da sana'ar lanƙwasa bututun kwalba, mai hasken nan na ƙofar shago, sai na tare a zauren da yake aiki. Ni dai mamakina, yaya kwalba take laushi kamar alewa?

Ran nan yana haɗa alamar wani sabon farmasi, wato shagon magani, koriyar nan mai hannu huɗu. Gobe buɗewa, bututu kuma ɗaya ya rage. Ya kara shi a wuta, yana hura masa iska ta tiyon roba don kada ya lotse. Sai tari ya sarƙe shi.

"Yaya, karɓi. A hankali fa."

"Ni za ka koya wa? Tun kana goye nake hura murhu."

Na cika kumatu, na ba shi irin hurin ɗanyen icce. Kwalba ta kumbura kamar wuyan kwaɗo. Ina cikin sha'awa, sai tas!

Mai farmasi ya zo ya tarar da hannu uku, ya tambaya ko an kai ɗayan wurin mai ɗori.

Har yau, ko tayar moto ta fashe a unguwarmu ta Zango, sai Lawali ya leƙo: "Yaya, ke ce?"