Harshen Jelani da Idon Na'ura

"Ni Jelani, in ɗigon ruwa ya taɓa harshena, sai in hwaɗa maka ko saniya ta sha daga gare shi, har da launin saniyar!"

Da wannan Jelani ke buɗe mana aiki kullum a matatar da muke tace ruwan gulbi. Gajere ne mai tumbi kamar randa, ga wata hula da ba mu taɓa ganin ya cire ba sai wajen alwala, nan ma sai ya juya baya. Shi ne shugaban masu tacewa. Ya sa wa kansa Dodon Ruwa, mu kuwa a bayan idonsa Tulu muke ce masa.

Gaskiyar magana, aboki, Tulu bai taɓa sanin buhun alam nawa ruwa ke so ba kafin laka ta kwanta. Mahaifina ne ya sani, Allah ya jiƙansa. Da safe zai tsaya bakin gulbi, ya dubi ruwan kamar mai duban fuskar ɗansa, ya rubuta a littafi: yau buhu uku. Jelani ya leƙa littafin, ya ɗanɗani ruwa, ya lumshe ido, ya ce, "Uku!" Da damina ta ɗauke bara, Baba ya bi ta. Tun ranar harshen Jelani ya soma ɓatan kai.

Sai ga Injiniya Zahra'u ta zo da na'ura mai ƙirƙirarriyar basira. Tiyo gare ta a cikin ruwa, da ido na gilashi, ita ke auna alam da kulorin mai kashe ƙwayoyin cuta da kanta. Littattafan Baba na shekara ashirin da bakwai aka zuba mata ta koya. Manaja ya ce mako guda za a gwada ta, in ta ci, kujerar Jelani ta tashi.

"Wanga akwati?" in ji Jelani. "Kwana ukku na ba shi!"

Ran Litinin ya lallaɓa ya kifa wa idon na'urar hularsa. Ko minti biyar ba a yi ba sai ga Injiniya da waya a hannu.

"Malam Jelani, na'ura ta kunna fitila ta turo min hoto. Wannan takardar da ke liƙe cikin hularka, ba lissafin marigayi ba ne ka kwafa?"

"Laya ce, Injiniya!"

"Layar da ta ce watan takwas buhu biyar?"

A ranar muka ga sanƙon Tulu, yana sheƙi kamar sabon faranti.

Ran Laraba ya ɗauki bokiti ya tafi mashayar shanu, ya cika shi da laka da abin da shanu ke bari in sun ƙoshi. Ya dawo ya tsoma tiyon na'urar a ciki, don ta firgita ta juye alam ɗin wata guda a yini ɗaya. Sai na'ura ta rubuta: Ba a yi ruwan sama ba, gulbi ba ya sake launi a minti ɗaya, a duba tiyo. Na karanta sau biyu. Da Baba na nan, haka zai faɗa.

Injiniya ta bi tiyo ta tarar da bokiti, ta ɗauke shi ta ajiye.

Ran Asabar, ranar hukunci, Jelani ya tsaya gaban Manaja ya bugi ƙirji.

"Ranka ya daɗe, a yi gwaji gaban kowa! A ɗaure mini ido, a kawo ruwa kala ukku. In ban hidda tatacce ba, a ba akwati kujerata!"

Ashe ya riga ya ja Lawwali maigadi gefe, ya yi masa alkawarin tsire a unguwar Gidan Igwai. "In na ɗauki mai kyau, ka yi tari. Tari kawai, ka jiya?" Lawwali ya gyaɗa kai ya ce, "Awo," ya jefa rabin goro a baki.

Aka ɗaure masa ido, aka jera kofi uku: tatacce, na gulbi, da wanda Injiniya ta ɗibo daga bokitin Laraba. Ta ce, "Bakin harshe kawai, Malam Jelani, ka tofar."

"Dodo ba shi tohwarwa!"

Ya laluba, hannunsa ya sauka kan kofin bokiti. Lawwali ya ga haka, dariya ta taso masa, goro ya bi ta inda ba hanyarsa ba. Tari ya turnuƙe shi, ƙoho-ƙoho, har da dukan ƙirji.

Jelani ya yi murmushi, ya ɗaga kofi ya shanye tas kafin Injiniya ta kai hannu. Fuskarsa ta yamutse kamar tsumma, amma Lawwali na ta tari, sai ya haɗiye ya lashe leɓe.

"Alhamdulillahi! Wanga shi na tatacce! Ko jariri ana ba shi!"

Manaja ya kwance masa ido. Jelani ya dubi gindin kofin, ga ciyawa, ga sauran bayani. Cikinsa ya yi wata ƙara kamar an tada janareta.

"Kujera ta tafi," in ji Manaja. "Amma Injiniya ta ce idon na'ura na son mai goge shi kullum da safe. Ka riga ka saba, ga hula kana da ita."

Jelani bai tsaya godiya ba. Ya dafe tumbi ya zura da gudu ya nufi bayan gida. Lawwali ya share hawaye, ya ɗaga murya:

"Dodo! Kahin ka shiga, saniyar hwara ce ko ja?"